Da Me Ake Auna Mai Binciken Cututtuka?

 Wannan shirinmu ne na faɗakarwa kan kiwon lafiya. 

Yau tambaya ɗaya muka zo da ita. Idan aka ce wane babban masani ne a fannin lafiyar al'umma, da me aka auna shi? Wa ya auna shi? Kuma ma'aunin nan, abin dogaro ne?

Su masana suna da ma'auni biyu da suke duba junansu da su. Na farko, me mutum ya wallafa? Na biyu, su wa suka ambaci abin da ya wallafa? Mu kuma a wannan shiri za mu ƙara na uku: ina aikin ya kai? Ku riƙe waɗannan uku. Me ya wallafa, wa ya ambace shi, ina aikin ya kai.

Shirin kashi biyar ne. Za mu fara da bayanin maƙala da ambato. Sai mu ɗauki mai bincike ɗaya, wanda ya yi shekara goma yana aiki a Zariya, mu bi sawun rubuce-rubucensa. Daga nan mu ga yadda ake lissafin. Sai inda lissafin ke yaudarar mutum. A ƙarshe, abin da kai da ke za ku yi da wannan bayani a gida. Ku gyara zama.

(Kiɗa)

Kashi na farko: maƙala da ambato.

Likitan da kuka sani a asibiti yana duba mutum ɗaya ne a lokaci ɗaya. Akwai wani masanin kuma da gari guda ne majinyacinsa. Aikinsa bin diddigin cuta a cikin jama'a. Su wa take kamawa? A wace unguwa? A wane wata? Me ya sa ta kama wannan gida ta tsallake wancan? Da ƙidaya yake aiki, da rajistar asibiti, da yawo gida gida. Shi muke kira mai binciken cututtuka.

Idan ya gama bincike, ba ya tsayawa a kan faɗa da baki. Rubutawa yake yi. Ya faɗi tambayar da ya tashi amsawa. Ya faɗi yadda ya yi aikin, da mutum nawa ya duba, da abin da ya samu, har da inda aikin nasa yake da rauni. Wannan rubutu shi ne maƙala.

Sai ya aika wa mujallar masana. Editan mujallar ba ya bugawa nan take. Zai tura wa wasu masanan fannin, galibi biyu ko uku, su tantance. Su nemi kuskuren lissafi. Su nemi inda aka yi zuzutawa. Wani lokaci su ce a gyara, wani lokaci su ce a watsar. Abin kan ɗauki watanni. Sai ya tsallake wannan siraɗi ake bugawa.

To mene ne ambato? A ƙarshen kowace maƙala akwai jerin maƙalun da marubucin ya dogara da su. Duk lokacin da wata sabuwar maƙala ta sa sunan taka a wannan jeri, an ambace ka sau ɗaya. Idan maƙala ɗari suka sa ta, an ambace ka sau ɗari.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san isnadi. Wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. Ba a karɓar magana sai an san ta inda ta biyo, kuma ana duba amincin kowane mutum a cikin silsilar. Haka ambato yake a wurin masu bincike. Yana nuna daga ina magana ta fito, yana kuma ba wa mai shakka damar komawa ya duba da kansa.

Saboda haka, idan an ce tarihin wallafa da ambato na mai bincike, abu biyu ake nufi: jerin maƙalunsa, da yawan waɗanda suka jingina da su.

(Kiɗa)

Kashi na biyu: mu bi sawun mutum ɗaya.

Sunansa Farfesa Brian Greenwood, likita ne ɗan Ingila, an haife shi a 1938. Ya zo Najeriya a 1965, ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan. A 1970 ya koma Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke kafa tsangayar koyon aikin likita. Shekara goma ya yi a can. A 1980 ya tafi Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya, kusan shekara 15. Daga nan ya koma makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan. Sunansa na kan ɗaruruwan maƙalu, kuma an ambace su sau dubbai masu yawa.

Amma jimla ba ta ba da labari. Mu buɗe jerin, mu ga abin da ke ciki. Za mu bi zare uku.

Zare na farko, sanƙarau. Dattawan da ke sauraro ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa. Yaro ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sanƙare, kafin kwana biyu a rasa shi. Wanda ya tashi kuma wani lokaci ya tashi da kurumta. A 1977 annobar ta faɗa wa Zariya. Greenwood da abokan aikinsa suka ƙidaya masu cutar, suka duba shekarunsu, suka bi gidajensu. A 1979 suka wallafa abin da suka gani.

A wannan shekarar ta 1979 ne kuma wata maƙala ta fito daga Zariya a kan magani. Lokacin annoba asibiti kan cika maƙil. Ba ma'aikatan da za su riƙa yi wa kowane majinyaci allura sau da yawa a rana. Sai suka gwada allura ɗaya tak, ta wani magani mai daɗewa a jiki, wanda aka haɗa da mai. Ku lura da wani abu. Sunan farko a kan wannan maƙala na likitan Najeriya ne, S. S. Wali. Sunan Greenwood na ƙarshe ne. Za mu dawo kan ma'anar wannan jeri.

A 1991 wasu masu binciken suka yi babban gwaji a kan irin wannan allura a Yamai da Bamako, suka wallafa a mujallar The Lancet, ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya. Allurar ta zama abin da aka daɗe ana dogaro da shi wajen yaƙar annobar sanƙarau a yankinmu.

A 1984 Greenwood da Wali da abokansu suka sake wallafa wata a The Lancet. Tambayarsu ita ce, me ya sa sanƙarau ke tashi da rani, ya lafa da saukar ruwan farko? Suka kawo hujjar cewa ƙwayar cutar tana yawo a maƙogwaron mutane har da damina, ba tare da ta kwantar da su ba. Busasshiyar iska da ƙurar hunturu su ne ake zargi da raunana hanci da maƙogwaro, har ƙwayar ta sami ƙofar shiga jini.

Zaren bai tsinke ba. A 1996 aka yi annobar da ba za a manta da ita ba. Farfesa Idris Mohammed da Dakta Abdulsalami Nasidi da abokan aikinsu sun rubuta ta a wata maƙala ta shekarar 2000. Sun ƙidaya mutum sama da 109,000 da suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. A ƙarshen 2010 aka fara ba da sabuwar allurar rigakafi mai suna MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. A 2011 aka yi wa mutum wajen miliyan 1.8 ita a Chadi. Masu bincike na Chadi, tare da tawagar da Greenwood ya jagoranta, suka bi sawu. Suka ga sanƙarau ya yi ƙasa da kashi 94 cikin 100 a yankunan da aka yi allurar, idan aka kwatanta da waɗanda ba a kai gare su ba tukuna. Daga Zariya a 1977 zuwa Chadi a 2011, shekara 34 ke nan ana bin cuta ɗaya.

Zare na biyu, gidan sauro mai magani. A 1991 wata maƙala ta fito daga Gambiya. Pedro Alonso ne sunan farko, Greenwood na cikin jagororin aikin. Suka ce a ƙauyukan da aka jiƙa gidajen sauro da maganin kashe ƙwari, mutuwar yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu ta ragu da fiye da rabi. Duniya ta yi mamaki. Wasu suka ce adadin ya yi yawa, a sake gwadawa. Aka sake, a Gambiya, da Kenya, da Navrongo a arewacin Gana. A Navrongo, ƙarƙashin Dakta Fred Binka, raguwar ta kama wajen kashi 17 cikin 100.

Ku saurara da kyau a nan. Na baya ba su ƙaryata na farko ba. Sun tabbatar gidan sauro na ceton rai, sun kuma daidaita girman adadin. Wannan ma aikin ambato ne. Wanda ya ambace ka yana iya gaskata ka, yana iya gyara ka. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Zare na uku ya shigo har tsakar gidanku. Uwargida, kin san ma'aikatan nan da ke zuwa da damina, wata bayan wata, da ƙwayoyin magani na yara 'yan ƙasa da shekara biyar? Su ba da na ranar farko a gabansu, su bar miki na kwana biyu, su rubuta a kati. Daga ina wannan ya samo asali?

A 1988 Greenwood da abokansa suka wallafa wani bincike daga Gambiya. Ma'aikatan lafiya na ƙauye sun riƙa ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina, aka ga rashin lafiya da mutuwa sun ragu. A 2006 Dakta Badara Cissé na Senegal da tawagarsa, Greenwood na ciki, suka gwada bayarwa sau ɗaya a wata. Zazzaɓin ya ragu da kashi 86 cikin 100. A 2011 sakamakon wasu gwaje-gwajen ya fito daga Mali da Burkina Faso. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen yankin Sahel shawarar ɗaukar wannan tsari. A 2023 yara sama da miliyan 50 ne suka sami maganin, kuma Najeriya ce ke da kaso mafi girma.

Daga 1988 zuwa 2012, shekara 24. Maƙala ta haifi maƙala, har magana ta isa teburin masu tsara manufa, daga can ta iso ƙofar gida. Wannan shi ne ma'auni na uku: ina aikin ya kai.

(Kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda ake auna mai binciken cututtuka. Ga kashi na uku: yadda ake lissafin.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa tattara ambato wuri ɗaya, a 1955. A 1964 ya fitar da kundin farko, manyan littattafai da ake dubawa a ɗakin karatu. Yau kwamfuta ce ke aikin. Akwai rumbuna irin su Web of Science da Scopus, waɗanda jami'o'i ke biyan kuɗi kafin su shiga. Akwai Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, kyauta ne ga duk mai intanet. Akwai PubMed, na ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka, shi ma kyauta, inda ake samun taƙaitaccen bayanin maƙalun lafiya.

Kowane rumbu da abin da yake ƙirgawa. Shi ya sa mutum ɗaya zai iya samun adadi uku daban daban. Google Scholar ya fi kwashe komai, har da kundin digiri da rahotanni, don haka adadinsa ya fi yawa. Idan wani ya ce an ambace shi sau kaza, tambaye shi: a wane rumbu?

A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro wata lamba ɗaya da ke haɗa yawan maƙalu da yawan ambato. Ana kiranta ma'aunin h. Mu yi lissafin tare, a hankali.

A ce mai bincike yana da maƙala biyar. An ambaci ta farko sau 40. Ta biyu sau 12. Ta uku sau 3. Ta huɗu sau 2. Ta biyar ba wanda ya ambace ta. Sai mu tambaya: yana da maƙala uku da kowacce aka ambata aƙalla sau uku? Yana da su. Yana da huɗu da kowacce aka ambata aƙalla sau huɗu? Babu. To ma'auninsa 3 ne.

Na maimaita. Idan ma'aunin mutum 20 ne, yana da maƙala 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20. Wanda ke da maƙala ɗaya tak da aka ambata sau dubu, ma'auninsa 1 ne. Wanda ke da maƙala ɗari da ba a taɓa ambata ba, ma'auninsa sifili ne. Lambar tana neman wanda ya daɗe yana fitar da aikin da ake amfani da shi.

Yanzu mu koma kan jerin sunaye. A fannin lafiya, sunan farko galibi na wanda ya fi ɗaukar nauyin aikin ne, ya kuma rubuta shi. Sunan ƙarshe galibi na babban malamin da ya jagoranta ne. Na tsakiya kowa da gudunmawarsa. Don haka idan kana duba tarihin mai bincike, duba inda sunansa ke faɗowa. A tarihin Greenwood za ka ga sunaye da yawa na 'yan Afirka a gaba, nasa a baya. Wannan ma labari ne: labarin ɗaliban da aka horar har suka tsaya da ƙafarsu.

Me ya sa duk wannan ke da muhimmanci ga malamanmu na jami'a? Saboda ƙarin girma ya dogara da shi. Daga lakcara zuwa farfesa, sai an ƙirga maƙalu. Masu ba da tallafin bincike ma suna dubawa. Kuma duk inda aka ɗora abinci a kan lamba, za a sami masu wasa da lambar.

(Kiɗa)

Wannan ya kawo mu kashi na huɗu: inda lissafi ke yaudara. Wurare biyar zan lissafa.

Na ɗaya, yawan ambato ba shaidar gaskiya ba ne. A 1998 The Lancet ta buga maƙalar wani likita a Ingila, Andrew Wakefield. Yara 12 kacal aka duba. Aka yi amfani da ita wajen yaɗa cewa allurar rigakafin ƙyanda, wadda ake haɗawa da wasu biyu, tana da alaƙa da galahanga. Iyaye suka tsorata, wasu suka daina kai yara, ƙyanda ta dawo. Masu bincike a Denmak suka bi yara sama da rabin miliyan, suka wallafa a 2002: babu wata alaƙa. A 2010 The Lancet ta janye maƙalar Wakefield, hukumar likitocin Birtaniya ta soke sunansa daga rajista. Amma an ambaci maƙalar nan fiye da sau dubu. Da yawa daga masu ambaton ƙaryata ta suke yi. Kwamfuta ba ta bambance yabo da suka, ƙirgawa kawai take yi. Na sake faɗa: allurar ƙyanda ba ta jawo galahanga. Ku kai yaranku.

Na biyu, akwai ambaton kai. Ba laifi mutum ya ambaci aikinsa na baya idan a kansa ya ɗora. Laifin shi ne ya cika jerin da sunansa don lamba ta hau, ko abokai su haɗa baki, ka ambace ni in ambace ka.

Na uku, akwai maƙalu masu ɗaruruwan sunaye. Wasu manyan rahotannin ƙididdigar cututtuka na duniya haka suke. Ana ambatonsu sau dubbai, kuma kowane suna a jerin yana kwasar adadin gaba ɗaya. Mutum na iya tara lamba mai tsoratarwa ba tare da ya taɓa jagorantar bincike ɗaya ba.

Na huɗu, akwai mujallun bogi. Za su aiko wa malami saƙo, su ce turo maƙala da kuɗi, cikin mako ɗaya an buga. Ba tantancewa, ba gyara. Sunan mujallar kamar na gaske, cikinta fanko. Maƙala 50 a irin waɗannan ba su kai ɗaya da ta sha tantancewa ba.

Na biyar, akwai waɗanda lissafin ba ya gani sam. Manyan rumbunan nan sun fi karkata ga Ingilishi da mujallun Turai da Amurka. Mai bincike a Yamai da ya rubuta da Faransanci, ko malami a Sakkwato da ya buga a mujallar cikin gida, ƙila aikinsa ya amfani jiharsa ƙwarai, amma lambarsa ta zauna ƙasa. Domin rage wannan giɓi aka kafa rumbun African Journals Online a 1998, don mujallun Afirka su fito fili. Sannan ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda ke hawa babur ya tattaro ƙidaya daga ƙananan asibitoci duk mako. Ga ungozoma, ga mai ɗibar jini, ga mai unguwar da ya tara jama'a. Ba su cikin jerin ambato, alhali da babu su babu maƙalar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga misalin da zai nuna muku iyakar lamba. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya. Ruwan da ake ƙara wa majinyata ta jijiya ya yi ƙaranci. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa 'yan uwan majinyata su riƙa ba su ruwan gishiri da sukari su sha. Mutuwa ta faɗo daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Ya wallafa a 1973. Yau duk uwar da ta kaɗa wa ɗanta wannan ruwa tana amfani da aikinsa da na abokan fanninsa, kuma babu rumbun da ke ƙirga ta.

Su kansu masanan sun farga. A 2012 wasu editoci da masu bincike suka haɗu a San Faransisko, suka tsara sanarwa cewa a riƙa auna bincike da abin da ke cikinsa, a daina auna shi da girman sunan mujallar da ta buga shi. Jami'o'i da cibiyoyi da dama a duniya sun sa hannu.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce a zubar da lissafin ba. Yana da amfani. Mutumin da ya shekara talatin yana wallafawa a mujallun da ake tantancewa, takwarorinsa na jingina da shi, ba a banza ba ne. Abin da nake cewa shi ne, lamba mafarin tambaya ce. Bayan an ji ta, sai a buɗe a karanta.

(Kiɗa)

Kashi na biyar, na ƙarshe: me za ku yi da wannan a gida?

Maigida, kana zaune da yamma, waya ta yi ƙara. Saƙon murya ne a WhatsApp. Wani ya ce shi dakta ne, ya ce bincike ya nuna kaza yana warkar da ciwon suga, ko allura kaza tana hana haihuwa. Kafin ka tura wa iyalinka, yi tambayoyi. Wane bincike? Wa ya yi shi? A wace mujalla aka buga? Mutum nawa aka duba, 12 ko rabin miliyan? Wasu sun maimaita sun sami abu ɗaya? Idan mai saƙon bai ambaci ko ɗaya ba, maganarsa ba ta da tushe. Kada ka zama mai yaɗa ta.

Idan ya faɗi sunansa, sa ɗanka ko ƙanwarka mai waya su rubuta shi a Google Scholar ko PubMed. Minti biyu ya isa. Ku duba ko ya taɓa wallafa wani abu. Ku duba ko a fannin da yake magana ne. Farfesan ƙasa da duwatsu masani ne a fagensa, amma ba shi za a tambaya a kan rigakafi ba. Sai dai ku tuna, rashin maƙala ba ya rage darajar likitan da ke duba ku a asibiti. Aikinsa jinya ne, kuma shi ma da binciken wasu yake aiki. Ma'aunin nan na wanda ya ce shi mai bincike ne.

Ɗalibai da matasan malamai, ku nake wa magana yanzu. Ku guji mujallar da ke alkawarin bugawa cikin kwanaki. Ku ambaci wanda kuka ɗauko daga gare shi, wannan amana ce. Kada ku sa sunan wanda bai yi aiki ba, kada ku cire sunan wanda ya yi. Ku zaɓi tambayar da ta dami jama'arku: sanƙarau, kwalara, tamowa, mutuwar mata wajen haihuwa, gubar dalma a wuraren haƙar zinariya. Ku riƙe ta shekara da shekaru. Kuma idan kun gama, ku koma garin da kuka ɗebi bayanai ku faɗa musu sakamakon da harshen da suke ji.

Iyaye da sarakuna da malaman addini, idan masu bincike suka zo garinku, kuna da haƙƙin tambaya. Wace hukuma ce ta amince da aikin? Me za a yi wa yaranmu? Za mu iya ƙi? Yaushe za a dawo mana da sakamako? Mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Dole ne ma ya amsa su kafin ya fara.

Jama'a, lokaci ya yi halinsa. Mu tattara abin da muka ce. Ana auna mai binciken cututtuka da abu uku. Me ya wallafa, kuma an tantance shi? Wa ya ambace shi, kuma gaskatawa suka yi ko ƙaryatawa? Ina aikin ya kai, ya canza abin da ake yi a asibiti da gida? Biyun farko kwamfuta na iya ƙirga muku. Na uku sai kun duba da kanku.

A kwana cikin gidan sauro. A kammala wa yara maganin damina na kwana uku. A kai su rigakafi a kan lokaci. Wanda ya ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ya garzaya asibiti ba tare da jira ba.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.